An Yanka Bijimi Saboda Maki 281

Masu karatu, ku gyara zama, yau da ta'aziyya zan fara. Wani bijimi fari ƙal, mai tozo kamar tulu, wanda aka taso tun daga kasuwar Illela, ya rasa ransa ranar Asabar a Unguwar Rogo. Ba ciwo ya yi ba. Ba suna ake ba, ba ɗaurin aure ba. Laifinsa ɗaya ne: Jinaidu, wanda aka sa mana rana da shi, ya ci maki ɗari biyu da tamanin da ɗaya a jarrabawa.

Ga wanda yau ya fara bina, sunana Karimatu, a Mabera nake, nan Sakkwato. Lissafi na karanta a jami'ar nan tamu ta hanyar Dundaye, yanzu ina koyar da shi a wata sakandare. Jinaidu kuma fiziks ya karanta, aji ɗaya ya girme ni. Babana, Malam Uba, dillalin shanu ne. Baban Jinaidu, Alhaji Maccido, babban mahauci ne mai shagunan nama. Abokai ne tun suna yawo ba takalmi, shi ya sa nake kiransa Baba Alhaji tun kafin in san akwai wani abu wai shi soyayya.

Ni da Jinaidu muka yi shawarar neman karatun digiri na gaba a Amurka, irin wanda jami'a ke ɗaukar nauyin mutum. Wasu daga cikin jami'o'in suna neman sakamakon wata jarrabawa, GRE. Makin da ake faɗa kashi biyu ne ake haɗawa, lissafi da Turanci. Kowane kashi ƙarshensa ɗari da saba'in. To ku buɗe kunne nan, don duk bala'in daga nan ya taso: kowane kashi daga ɗari da talatin ake fara ƙirga shi. Wato in ka shiga ɗakin, ka riƙa danna duk abin da yatsanka ya faɗa a kai kana gyangyaɗi, za ka fito da ɗari biyu da sittin. Kyauta. Sama kuma ɗari uku da arba'in ne.

Jinaidu ya ci 281.

Ba zan ce ban ga alama ba. Lokacin da nake tashi bayan sallar asuba ina fama da tambayoyi kafin in tafi makaranta, shi yana majalisa ana musu a kan wanda ya fi iya buga fenariti. In na yi magana sai ya ce, “Haba Karima, lissafin 'yan sakandare ne fa. Ni da na ci kwas ɗin da ke kada mutane?” Wannan ita ce cutarmu a garin nan, kuma zan ci gaba da faɗa har ku gaji da ni. Mutum zai ƙi buɗe littafi, ranar jarrabawa ya bi dangi gida gida yana neman addu'a, in sakamako ya fito a ce haka Allah ya so. Allah kuwa bai hana kowa zama da littafi ba.

Ni na fara rubutawa. A Abuja ake yi, kuma tun da Baba ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba, sai aka haɗa ni da ƙanwarsa, Gwaggo Uwani. Gwaggo ta zauna a waje kan wani benci da carbinta da ledar dabino. Jarrabawar nan kana gamawa makin ke fitowa a fuskar kwamfuta. Na ga 167 a lissafi, 155 a Turanci. Maki uku kacal suka rage in shafe lissafin kaf. Na fito ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

“Nawa kinka ci?” in ji Gwaggo.

Da yake lissafi nake nema, kuma makin lissafin ne ke rawa a kaina, sai na ce, “Ɗari da sittin da bakwai, Gwaggo!”

Ta dafe ƙirji. “Inna lillahi. Kuma kina dariya?”

“Gwaggo, ai...”

“Sadiyatu tawa, da ba ta san inda littafinta ke kwana ba, ɗari da tamanin ta ci a JAMB.”

“Wannan ba JAMB ba ce, ita wannan...”

“Yi shiru ɗiyata, kar baƙin ciki ya sa ki surutai. Jarrabawa duk jarrabawa ta. Ungo dabino.”

Gwaggo ta ga 'ya'yanta biyar sun bi ta JAMB, saboda haka a duniyar nan babu mai koya mata maki. Ɗari huɗu ne ƙarshe, ɗari biyu an tsira, ƙasa da haka a jajanta. Na yi dariya na ƙyale ta, na ce in mun isa gida zan zaunar da kowa in yi bayani. Ban san kafin mu kai tasha ta gama kiran Sakkwato ba. Muka iso gida Baba yana ƙauye wajen sayen shanu. Kafin ya dawo, Jinaidu ya je ya rubuta tasa, ya kira gida ya faɗi jimillarsa.

Ɗari biyu da tamanin da ɗaya! A lissafin JAMB wannan makin likita ne. Aka ce Baba Alhaji yana shago lokacin da labarin ya same shi, ya ajiye wuƙa, ya raba wa duk wanda ke tsaye tsokar nama kyauta.

Ranar da Baba ya dawo ya kira ni bayan ya ci abinci. Tun farko alkawarin da ya yi mini shi ne, in na ci zai bar ni in nema.

“Karimatu, kin gwada, Allah bai nuhwa ba,” ya ce, da muryar lallashi. “Ba abin kunya ba ne. Shi yaron ya samu. In sun ɗauke shi a ɗaura aure ki bi shi. Zancen aika takardu ki bar shi hakanan, kar ki ƙara wa kanki ciwo.”

Na buɗe baki, sai Inna ta harare ni daga bakin ƙofa, irin hararar da ke cewa in kin isa. Na rufe.

Ku gane halin da nake ciki. Komai nawa yana cikin kwamfuta a shirye. Jami'o'i uku, malamaina sun aika shaidarsu, bayanin abin da nake son bincika na gyara shi har na haddace. Danna maɓalli ɗaya ya rage, kuma farkon Disamba ake rufewa, ga shi Nuwamba ta yi nisa. Na san wasunku za su ce in danna kawai. Ku kira ni duk sunan da kuka ga dama, amma ban taɓa tsallake maganar Baba ba. Kuma in na aika a ɓoye aka ɗauke ni, da wane baki zan je in ce masa ga shi?

Na bi Inna madafa. Tana tuƙa tuwon shinkafa, na tsaya na zayyana mata komai. Inna ba ta yi boko mai nisa ba amma kanta na ja. Kafin in kai ƙarshe ta gane.

“Na ji,” ta ce. “To sai mi?”

“Sai mi kamar yaya, Inna? Wannan makin ba zai kai shi ko'ina ba. Ni ce na ci!”

“Rage murya. Alhaji ya riga ya aika a taso bijimi. An gaya wa mahauta, an gaya wa 'yan kasuwa, an gaya wa liman. Ke kina son ki tashi ki ce wa surukinki ɗanshi bai ci komi ba?”

“To in faɗi nawa makin kawai. Ɗari uku da ashirin da biyu.”

“Ki hi mijinki ana tsakiyar yi mashi walima? Ki bari a gama, a ɗaura aure, sannan ku yi maganarku a ɗaki.”

“Inna, kafin nan an rufe.”

“Baɗi na nan.”

Baɗi! Da baɗi mutum ce, da ta fi kowa aiki a Sakkwato. Gyaran hanya baɗi, komawa makaranta baɗi, zuwa asibiti baɗi. Shekara guda ta rayuwata Inna ta ɗauka ta miƙa kamar canjin goro, ba ta ko daina tuƙin tuwo ba.

Na koma ɗaki na ɗauki waya.

Ni: Ka gaya wa Baba Alhaji gaskiya?

Jinaidu: Wace gaskiya kuma? 281 na ci, 281 na faɗa. Ƙarya na yi?

Ni: Ka faɗa masa daga nawa ake farawa?

Jinaidu: Bai tambaya ba.

Ni: Madalla da ɗan halas.

Jinaidu: Ke fa matsalarki ɗaukar zafi. Jami'o'i da yawa ma sun daina neman GRE ɗin nan.

Ni: Haka ne. Wacce ka nema a cikinsu?

Jinaidu: Ina kan bincike.

Ni: Sunanta?

Sai ya turo mini hoton mage ta rufe fuska. Na ajiye wayar, na ɗauka, na sake ajiyewa. Can sai ga saƙon murya, kuma muryar ba ta wasa ba ce.

“Karima, tun da nike ban taɓa ganin Baba ya dube ni haka ba. Kullum ni ne ɗan bokon da bai iya riƙon wuƙa ba. Ƙannena na shago, ni ina cin tuwon banza. Jiya a gaban mutane ya dahwa kahwaɗata ya ce wanga shi na magajin sunana. Don Allah ki bar ni da wannan ko na ɗan lokaci ne. Zan gyara.”

Kun ga inda yake kashe ni. Jinaidu ba mugu ba ne. Shi ne wanda lokacin da muke jami'a, in zafi ya kai zafi, zai bar lacca ya nemo mini soɓo mai ƙanƙara. Shi kaɗai ke iya sa ni dariya ina tsakiyar faɗa. Na saurari saƙon har sau ban san adadi ba, na yi hawaye, na ce to, zan ba shi dama ya faɗa da bakinsa. Kwanaki suka yi ta wucewa. Bakin nasa bai buɗe ba, sai dai wajen gwajin ɗinki gun tela.

Ranar Asabar Inna ta fito mini da leshi ruwan gwal, na ce a'a. Na sa atamfata ruwan toka mai ɗigon baƙi, ɗinkin riga da siket, na yafa baƙin mayafi, ban ko shafa hoda ba.

“Gidan mutuwa za ki?” in ji Inna.

“Ai an yi rashi, Inna. Bijimi.”

Ta ɗaga hannu kamar za ta make ni, sai dariya ta kusa ƙwace mata, ta juya baya.

Tun daga bakin layi aka kafa rumfuna, kujerun roba sun tare hanya, masu babur na zagi suna juyawa. A jikin bangon gidan kuwa, jama'a, an rataye wani ƙaton allon leda mai hoton Jinaidu ya riƙe haɓa yana kallon sama, kamar mai shirin gano sabon tauraro. A ƙasa an rubuta 281 da ruwan gwal, kowace lamba ta kai tsawon yaro. Ƙarƙashinta kuma: Dakta Jinaidu Na Amurka.

Wayata ta yi ƙara. Monica ce, abokiyar aikina mai koyar da kemistiri, wadda ta san komai tun ranar farko.

Monica: Na gani a sitatus ɗin mutum huɗu. Ki ce mini idona ne.

Ni: Ina tsaye a gabansa. Ya fi haka girma.

Monica: Ki ci naman dai da kyau, kar marigayin ya mutu a banza.

Cikin gida ya cika da mata. Ga masa, ga farfesun kayan ciki, ga balangu tire tire, ga shinkafa a manyan kuloli. Ni kuwa na zama abin tausayi na unguwa. Duk wadda ta gan ni sai ta sassauta murya.

“Sannu Karimatu. Ya haƙuri?”

“Kin yi sa'ar miji dai, shi ya rufa miki asiri.”

Gwaggo Uwani ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, tana ba wata tsohuwa labari. “Ni na raka ta. Tana hitowa tana dariya, ashe ruɗewa ce. Na ce ki yi kuka ɗiyata, kuka ya hi.” Ta cika mini faranti da nama, wai in ci in manta.

Na ci kuwa. Marigayin yana da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Bayan azahar aka ce Baba Alhaji na kirana a falonsa. Na gyara mayafi na shiga da sallama. Yana kan doguwar kujera cikin farar babbar riga, hannuwansa masu tabon wuƙa a kan gwiwa, fuskar nan sai sheƙi take. Baba na gefensa. Jinaidu na zaune a kan kafet cikin shadda ruwan madara sai ƙamshi yake, hula an karya ta gefe. Su uku ne kawai. Na durƙusa na gaishe su.

“Taso nan kusa, ɗiyata,” in ji Baba Alhaji. “Na ji abin da ya hwaru. Na ce sai na kira ki da kaina, don kar ki ga ana ta murna ki sa wa ranki wani abu. Ilimi rabo na. Wani ya samu da yawa, wani kaɗan.”

“Haka ne, Baba Alhaji.”

“Kuma ba ki yi asara ba. Wanga yaro naki na. In kun tahi can, shi za ya koya maki. Jinaidu, ka ji ko? Ka riƙa zaunar da ita da marece kana nuna mata lissahin nan sannu sannu. Ban da tsawa.”

Ni. Ni da nake koyar da lissafi aji shida. Ni da na yi wa Jinaidu aikin gida na kwas ɗin da yake taƙama da shi.

“Ai na ce mata ta bar zancen neman nan kwata kwata,” in ji Baba. “Ta huta.”

“Ka yi daidai, Uba. A ruhe wannan babin.”

Na juya na kalli Jinaidu. Wallahi na ba shi lokaci. Na kalle shi, ina roƙonsa da ido: faɗa, kai ka faɗa, in ka faɗa da bakinka zan tsaya a bayanka har ƙarshen duniya. Shi kuwa ya duƙufa yana nazarin furannin kafet, kamar a kansu zai yi digirin.

Sai na ji bakina ya buɗe.

“Baba Alhaji, in yi tambaya?”

“Yi, ɗiyata.”

“In mai abinci ta zo sayen nama da kwanonta, aka zuba a ciki aka ɗora a sikeli, yaya ake yi?”

Ya yi dariya. “Yau kuma sana'a za ki koya? Sai a hidda nauyin kwano mana. Wa za ya biya kuɗin nama a kan kwano?”

“To wannan jarrabawar da kwanonta take zuwa. Kowa ya shiga, ko bai amsa komai daidai ba, ana ba shi ɗari biyu da sittin. Abin da ya hau kai shi ne nasa.”

Fanka na juyawa. Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta sauka ba, ba ta ƙaru ba. Na ga leɓensa na motsi.

“Ashirin da ɗaya,” ya ce a hankali. “Cikin nawa?”

“Tamanin.”

“Ke hwa? Naki ai bai ko kai kwanon ba.”

“Ɗari da sittin da bakwai rabi ne, na lissafi kaɗai, kuma ɗari da saba'in ne ƙarshensa. In an haɗa da na Turanci, ɗari uku da ashirin da biyu na ci.”

“Sittin da biyu,” in ji Baba, kamar maganar ta kuɓuce masa. Dillali ne, ba ya iya ganin lamba ya ƙyale.

Daidai lokacin wani maroƙi a waje ya ɗaga murya: “Ɗari biyu da tamanin da ɗaya! Na Maccido ba ka da na biyu!” Ban taɓa jin kirari ya faɗo a wuri mara kyau irin wannan ba.

Baba Alhaji ya juya ga ɗansa. “Ka sani?”

“Na sani, Baba.”

“Kana tsaye nika cinikin bijimi?”

Jinaidu ya sunkuyar da kai.

“Kana tsaye anka buga hotonka?”

Baba ya miƙe, idonsa ya kaɗa. “Karimatu, tashi ki hita. A gidan mutane, ranar walimarsu...”

“Bar ta, Uba. Zauna.” Baba Alhaji ya ɗaga hannu. “Ni anka yi wa awo da kwano, ba kai ba. Shekara arba'in ina kan sikeli, yau ɗana ya sai da mani kwano.” Ya shafa fuska da hannu biyu, ya daɗe a haka. Da ya sauke sai na ga tsufansa, abin da ban taɓa lura da shi ba. Na so gaskiya ta fito, amma ban so in ga wannan ba.

“Nama dai an ci, ba ya komawa,” ya ce. “Waɗanda ke waje su ci su tahi, ba wanda za ya ji wagga magana. Karimatu, yaushe a ka ruhewa?”

“Farkon wata.”

“To. Rana tana nan inda munka sa ta. Abin da munka shirya shi za a yi, juya shi kawai za mu yi. Ita ta nema. In sun ɗauke ta, shi ya bi ta. In sun je can ta riƙa zaunar da shi da marece, ya sake jarrabawar. Uba, mi ka gani?”

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. “Ta aika,” ya ce. “Amma ku ji da kyau. Ɗiyata ba ta barin ƙasar ga ba aure. In da Jinaidu, da tahiya. In babu, ko sun aiko jirgi ƙohwar gida ba ta zuwa.”

Jinaidu ya tashi. Bai kalli kowa ba, ya fita ta ƙofar baya.

Muka shiga mota, muka wuce kasuwa. Sai Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Gaskiya kinka hwaɗa. Amma da ni kinka hwara gaya wa, a gida.” Na so in ce ai an harare ni, sai na ga bayan kan Inna, na haɗiye. Inna kuwa tun daga lokacin maganarta da ni ba ta wuce “miƙo wancan” ba.

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa darduma a ɗaki, na buɗe kwamfuta. Ga maɓallin nan yana kallona. Na samu izinin da nake nema, amma an ɗaure shi a ƙafar mutumin da na kunyata jiya. Na ɗauki waya. Tun jiya bai kira ba, sitatus ɗinsa ma ya goge.

Ni: Baba ya ce in aika. Ina son in ji daga bakinka.

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa.

Jinaidu: Kin samu abin da kike so.

Ni: Na ba ka dama ka faɗa da kanka.

Jinaidu: Kin san me za a ce a majalisa? Mijin Dakta. Ya bi mata Amurka yana dafa mata shayi.

Ni: Ka iya shayi ai.

Jinaidu: Ba wasa nake ba, Karima. Ni ba akwati ba ne da za ki ja ni a filin jirgi.

Na daɗe ina kallon wannan layin.

Ni: Tun da aka fara maganar nan ake shirya ni a matsayin akwati, kana zaune. Ban ji ka ce ya yi mini ƙanƙanta ba.

Ya karanta.

Na jawo kwamfutar, na yi bisimilla, na danna. Ta farko ta tafi. Ta biyu ta tafi. Ta uku ta tsaya tana juyi saboda sabis ɗin Mabera ya ga dama, na ɗaga ta sama wajen taga kamar mai roƙon ruwa, sannan ta tafi. Na zaci zan yi tsalle. Sai na samu kaina zaune, na haɗa kai da gwiwa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai ga Inna ta ɗaga labule. Wannan karon ba “miƙo wancan” ta ce ba.

“Jinaidu na zaure.”

Na zabura ina neman hijabi.

“Zauna. Ba ke yake nema ba. Babanki ya ce a kira mashi.”

Ku da kanku kun san ban zauna ba. Na zura hijabin a baibai, na bi bayan Baba a kan yatsun ƙafa, na laɓe jikin bango inda nake iya hango gefen zauren. Ba shadda yau, ba turare. Wata tsohuwar riga ce a jikinsa, kuma a hannun rigar akwai jini, irin wanda ke taɓa mutum in ya yini a shagon nama. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ƙi tashi.

“Baba,” ya ce, “na zo ne a kan maganar ranar da anka sa.”

Baba ya waiwayo, ya kalli daidai inda nake laɓe kamar bangon gilashi ne. Sannan ya miƙa hannu ya turo ƙofar, ya sa sakata.